Mai Yi wa Kawu Numfashi

Ga ta nan biye da gadon da aka turo Kawu a kai daga ɗakin tiyata, gajeruwar mata mai gicciye a wuya. Ita ce mai sa barci, ko sunanta ban sani ba. Hannu ɗaya na tallafe da haɓarsa, ɗayan na matsa jakar iska a hankali, don asma ta cinye huhunsa. Da waƙar coci take auna matsawar, ƙasa-ƙasa. Ina jin ita ke ba da waƙa a cocinsu na Kwamba.

"Baba, ja da kanka mana!" in ji ta.

Sai tari ya turnuƙe Kawu. Wayyo daɗi! Tarin da ya daɗe yana hana mu barci, yau shi muke yi wa guɗa.