Hantar Kaka ta koma aikin jarirai

Ni aka tura in raka kakana asibitin Tawa, shekarar da na gama lakwal, wato makarantar boko, don ni kaɗai ke jin Faransanci a gidanmu. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, amma bakin nan lafiya lau. Tun a mota yake tsokanata, wai amaryarsa ta cika rowa. Ni ce amaryar. Haka jika da kaka suke a Babankatami, ba mai fushi.

Aka ɗebi jininsa aka aika Yamai. Da sakamako ya dawo, likita ya ja ni gefe. Ya ce akwai wani sinadari da hanta ke zubawa cikin jini sa'ad da ɗa ke cikin uwarsa, da an haife shi sai ta daina. Ta tsoho ta koma yin sa, da yawa kuma. Ciwon daji ne, ya wuce aiki.

Babana da ƙannensa suka ce kul, kada a gaya masa. Wa zai dubi idon mahaifinsa ya faɗi wannan? Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Hadari ya fara haɗuwa, shi kuma kullum tambayarsa ko an yi shuka a gida. In aka ci gaba da ɓoye masa, a ɗakin nan mai warin magani zai ƙare. Su kunya ta ɗaure musu baki. Ni wasa ya sakar mini nawa.

Na zauna bakin gado na ce, "Angona, asirinka ya tonu. Likita ya ce hantarka ta koma aikin jarirai. Ni fa ba ni zama da jinjiri."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ƙura mini ido.

"Ana warkewa?"

"A'a, Kaka."

"To, mi nika yi nan? Miƙo mini takalmana."

Babana ya daɗe bai kula ni ba. Oho!

Damina ta yi kyau a shekarar. Kowace safiya a ɗora shi a amalanken jaki a kai shi bakin gona, ya kwanta a inuwar gawo yana yi wa masu noma faɗa. Ni ke dama masa kunu, shi ke cewa ya yi ruwa. Wallahi ban taɓa jin daɗin damina irin wannan ba.

Da gero ya nuna aka gasa masa tumu. Lokacin ba ya iya haɗiya. Ya murza a tafinsa, ya hure, ya shaƙi ƙamshin, ya juye mini a hannu.

"Ci ki hwaɗa mini, marowaciya. Da zaƙi?"

Na tauna, na ce da zaƙi.