Waƙar Jar Saniya

Duk sanda 'yan matan da nake koya wa ɗinki a Kalgo suka kaure da gardamar wace waƙar soyayya ce ta fi kowace, kowacce na ɗaga wayarta, ni dai nakan ci gaba da taka kekena. Sun ɗauka ban san komai ba a wannan fanni. Na sani sarai. Tawa dai ba ta cikin waya, kuma in na ce musu saniya aka yi wa ita, sai sun yi dariya har da riƙe ciki.

A rugarmu ta kusa da Dodoru na ji ta, a bakin Kaka Dije, mahaifiyar babana. Da damina, in an yi magariba, akan hura wa shanu wuta a ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Nan muke kewaye ta mu jikoki, ido na ruwa, amma ba mai tashi. Kaka ba ta da haƙuri ko kaɗan, wanda ya yi gyangyaɗi sai dai ya ji ludayi a ka. Ni kuwa Sarkin Tambaya take ce mini. In za ta fara sai ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Mun ba ta."

Akwai tatsuniya guda da ba ma so, don ba kura ba dodo a cikinta. Ta wata amarya ce da mijinta makiyayi. Tana son sa kamar ranta, amma irin tarbiyyarmu, ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. Sai ta samo dabara. Kullum da safe in ya kora shanu, ta zauna kaɗa nono, sai ta yi wa jar saniyarsa Woɗe waƙa. A nan muryar Kaka kan yi laushi:

"Woɗe, taka sannu,
mai bin ki ƙaya ta soke shi jiya.
Woɗe, juyo da wuri,
hurata na jiran mai sanda."

Ni da baki sai in ce, "Kaka, mi ya hana ta yi mai a gabanai?"

"Ke, ruhe min baki! Ɗiyar mutane ta, ba ta zub da kunyatta ba." Sai ta ɗan tona wutar, ta ce a hankali, "Amma da ta yi."

Da rani mijin ya kai shanu fadama. Amarya ta yi wa kanta alkawari, ranar da ya dawo za ta runtse ido ta rera masa, kome za a ce a ce. Ruwan farko ya sauka, gulbi ya kawo. Shanu suka haye, shi bai haye ba. Woɗe ce ta fara isowa ruga, ta tsaya a ƙofar bukka. "Ya tahi bai ji ba," in ji Kaka, "ko sau guda." Daga nan sai ta goge ido da bakin zane, ta zagi hayaƙi, ta kore mu.

Ban kai ga aure ba na gane ko wace ce amaryar. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kunyar da ta kama bakinta ita ta kama nawa.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kaka Dije. Ranar sadakar uku ina wanke ƙore a gindin gawo, ashe ina rera waƙar ban sani ba. Sai na ji wata tsohuwar murya ta ƙarasa mini, "Hurata na jiran mai sanda." Kaka Manu ne, ƙanen kakana, wanda ido ya riga ya tafi. Na saki ƙwaryar hannuna.

"Kaka, ina kaj ji wagga waƙa?"

Ya yi murmushi. "Wurin yayana mana. Kullum munka hita da sahe, sai shi bar min shanu, shi koma shi laɓe bayan zana hat ta ƙare. Wuni shikai yana maimaita ta cikin daji. Ya ce in na hwaɗi, ba ni ba shi, don in ta sani dainawa za ta yi."

"Bayan ya rasu fa?"

"Na ce ka da in tada mata ciwo. Shekara ta bi shekara."

Na gaya masa tatsuniyar, har inda take cewa ya tafi bai ji ba. Bai taɓa jin ta ba, maza ba sa zama wurin tatsuniya. Sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Ban taɓa ganin tsoho na kuka irin na ranar ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, tsakanin bukkarta da ta Kaka Manu ba nisa, ko kiran salla ba ya ɓata. Ina da rabin labarin, yana da rabi, kullum ina kai masa fura, ban taɓa buɗe baki ba. Da ni Sarkin Tambaya na yi tambaya ɗaya inda ya dace, da ta kwanta dama da sanin an ji ta.

Shi ya sa nake barin 'yan matan nan da gardamarsu. A gida kuwa, in zan rera waƙar, ba na jiran maigidana ya fita.