Baba Ladan, Wanda Ya Tambayi Dalilin Shirun Mata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha huɗu ga Agusta, ana shirin sallar La'asar, labari ya iso ofishin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa da direbobi a nan ƙasar Yarabawa cewa Allah Ya karɓi ran Baba Ladan, tsohon magatakardanmu, bayan jinyar kwana tara. Baba, ni Talha ne, wanda ya fi kowa ƙosawa da tambayoyinka. Yau na waiga in ga mai tsare ni da tambaya, ban gani ba.

Bara ne shugabanni suka ce a daina aike da kiran waya, kowa ya koma manhaja guda: direbobinmu na Ojoo, masu rumfa a Bodija da Shasha, da matan Sabo masu yin yaji da ƙuli-ƙuli da dakuwa a cikin gida. Aka ɗora mini aikin, wai na yi boko. Na zaci kai za ka fara ƙi. Ina! Kujera ka ja kusa da ni, ka gyara tabarau. Saƙon da aka tura wa mai kasasshiyar waya, a ina yake kwana? Wanda ya yi sallama aka ɗaga masa hoton babban yatsa, an amsa ke nan ko da saura? In an goge magana, ta gogu a wurin kowa? Wallahi akwai ranar da na ɓuya maka a wurin mai shayi.

Cikin wata guda direbobi suka kama, har da barkwancinsu da Yarabanci. Matan kuwa shiru. Na ce ba sai sun rubuta ba, su danna su yi magana kawai. Shiru dai. Odar kayan da suke yi ta riƙa wucewa babu mai amsawa. Shugabanni suka yanke cewa duk wadda ba ta amsa ba zuwa Juma'a a cire ta, a ba masu inji aikin. Mata ashirin da uku. Ni na buga sunayen, ina cewa ƙauyanci ne. Sunan mahaifiyata ne na uku, kuma da yajin nan ta rene ni.

Ka karɓi takardar, ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Talha, matan da ke kiran ƙannensu a Kano suna ganin fuskar juna, su ne dannawa ta gagara? Ka tambaye su?" Ban tambaya ba. Ko wadda ta haife ni ban tambaya ba.

Kwana biyu ka yi kana bin gidaje da sandarka, kai a ƙofa, matarka Hajiya Mahbuba a ciki. Duk inda ta shiga amsar ɗaya ce. Zaure guda na buɗe wa kowa a manhajar, don haka duk abin da mace ta faɗa, direba arba'in za su saurara, su maimaita in sun ga dama. Matar auren da ba ta taɓa tsayawa a tasha ta ɗaga murya ba, me zai sa ta yi hakan a waya? Kunya ta hana su faɗa mini, ni ɗan da suka goya.

Ka dawo kana murmushi kamar wanda ya yi tsintuwa, ka ce, "Shin abin nan naku ba shi da ɗaki?" Yana da shi mana! Ko minti biyar ban yi ba na buɗe wa mata nasu zauren, Hajiya Mahbuba na miƙa saƙo tsakani. Kafin yamma muryoyi sun cika shi, har ana ce wa wasu su yi haƙuri a ji ta wasu. Ba a cire ko mutum ɗaya ba.

Ga abin da ke cin raina. Da aka yabe ni a taro, na miƙe na karɓi yabon, kana zaune kana tafa mini. Na ce zan zo gida in gode maka, na yi ta cewa gobe, har ka kwanta jinya. Mahaifiyata kuwa har yau ba ta san da hannuna na buga sunanta ba. Ka sani, ka yi shiru da shi har kabari.

Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, Baba. Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mahbuba, da 'ya'yanka Ikrama da Khairunnisa, da dukan mutanen Sabo. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.