Mai Sauraron Ƙafafun Jirgi

Kafin hayaƙin jirgin Gusau ya ɓullo ta bayan gonakin dawa, Baba Nata'ala ya riga ya tsaya a bakin dogo da doguwar gudumarsa a kafaɗa. Da jirgi ya tsaya, fasinja su ruga ƙofa, masu tallan gyaɗa su ruga taga, shi kuwa ya sunkuya ƙasa. Daga kan jirgi yake farawa har tarago na ƙarshe, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa ta ƙarfe, ya karkata kai ya saurara. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa tangararan kamar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Aikinsa ke nan a ƙaramar tashar da mu mutanen Yankara da Tafoki muke hawa jirgi, tun ana zuba wa inji gawayi har mai shan dizal ya zo.

Baba bai yarda da komai ba sai ya ji da kunnensa. Direba ya leƙo ya ce, "Baba, a Gusau fa an duba," sai ya ce, "Kunnen wani ne ya ji, ba nawa ba." Ko sabon tarago mai ƙamshin fenti sai ya sha guduma. Mutane su ma ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Wasu cewa suke da aljanun ƙarfe yake magana. Tun muna yara, in mun je kallon jirgi, nesa da shi muke tsayawa.

Zargi na gaske ya same shi ne wata jajibirin Babbar Sallah, a shekarun nan da kuɗin mai suka cika hanya da sababbin motoci. Jirgi ya iso cike, mutane da raguna har bakin ƙofa. Baba ya ƙwanƙwasa wata ƙafa a tarago na tsakiya, ya tsaya, ya sake. Ya miƙe ya ce wa shugaban tasha, "Wannan ba zai wuce nan da mutum a ciki ba." Aka duba, aka shafa, ido bai ga tsaga ba. Baba ya kafe. Aka cire taragon, aka sauke mutanensa, sauran taragun kuwa babu masaka tsinke.

A bakin titi ga sabuwar motar Mani ta haya tana jira, Mani kuwa mijin 'yar Baba ne.

Hajiya Mero mai fataucin daddawa ce ta fara. "Af! Ashe gudumar tana da suruki!" Aka kwashe da dariya. Ta ƙara matsowa. "Malam, tahi ka ƙwanƙwasa motar Mani mu ji. Halan ita lahiyarta lau?"

Abin da waɗanda ke wurin suka gani shi ne, matar Baba, Inna Baraka, tana cikin waɗanda aka sauke, za ta Funtuwa sunan jikanta. Ta ce, "Malam, har ni?" Ya ce, "Har ke." Mani ya ɗauki ƙullin kayanta ya sa a gidan gaba, Baba ya je ya sauko da shi. Bai yarda gidansa ya ci ko kujera guda daga abin da gudumarsa ta jawo ba. Aka yi suna ba ta nan, ta yi mako ba ta yi masa doguwar magana ba. Da Hajiya Mero ta ji, sai ta ce, "Dabara ce."

Taragon kuwa aka ja shi Zariya, babu wanda ya dawo ya ce an sami tsaga ko ba a samu ba. Na tambaya a can, ban tarar da wanda ya sani ba. Maganar ta zauna a kan Baba. A masallaci gaisuwa ta gajarce. Bai taɓa kare kansa ba, bai kuma sassauta wa ƙafa ko ɗaya ba don a daina faɗa.

Baba, kai ne wanda aikinsa in ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Babu makoki, babu labari a rediyo, saboda haka babu godiya. Kai ne ka zaɓi a zarge ka da rai a kan a yabe ka a bakin kabarin wani. Ko ƙafar nan ta tsage ko ba ta tsage ba, duk wanda ka sauke ya yi Sallah da iyalinsa.

Watan jiya ya mayar da gudumar, ya koma gida. Hajiya Mero har yau tana rantsuwa an ba shi kasonsa. Amma masu tallan tasha sun shaida, tun daga waccan Sallar ba ta taɓa sa ƙafa a tarago ba sai ta ga ya wuce ta wurinsa da guduma. Ranar kasuwar Yankara da ta wuce kuwa, a gabana ta tsayar da shi wajen masu tukwane, ta nuna wata randa ta ce, "Malam, ɗan ƙwanƙwasa mani wagga. Ban yarda da ita ba."

Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce ta ɗauka. Ta ɗauka.

Mun gode, Baba Nata'ala. Allah ya ba ka hutu da lafiya. Wanda ya gaji gudumarka, da duk wanda aka ba amanar rayukan mutane, in ya ji abu ya yi masa dishi-dishi, ya tsaya ya sake ƙwanƙwasawa, ko da duk tasha tana masa dariya.