Hular da Ba a Fansa Ba

Kakana bai taɓa zagina ba. Wanda bai tashi a gidan Hausawa ba zai ce to ai sai ki gode wa Allah. Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai ke nan tun ina ƙarama, kuma har yau da furfura a kaina, bai daina ci mini ba.

Gidanmu a Garwa babban gida ne na fatake. Kakannin kakana daga ƙasar Katsina suka zo da goro da tufafi, suka ga bakin kogin Binuwai ya yi musu, suka zauna. A zamanina gidan ya cika ya batse: babana da 'yan'uwansa maza kowa da sashensa, ga Goggo, yayar babana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta zama ita ce mai faɗa a ji a cikin mata. Kaka, mahaifinsu, ya bar musu kasuwa tun kafin a haife ni, ya koma zaure da buzunsa da butarsa da rediyonsa da wata sanda mai lanƙwasasshen kai. Duk mai shiga gidan ko fita, ta gabansa zai bi.

Da wannan sandar yake kamun jikoki. Da safe in muka fito za mu lakwal, wato makarantar boko, sai ya maƙalo ƙafar wata.

"Ke mummunar mata, ina za ki ba ki nemi izinina ba? Na sake ki!"

"Dama wa ke son tsoho mara haƙora?" in ji ta, ta fizge ƙafarta ta ruga tana dariya.

Duk jikokinsa mata matansa ne, yana sakinsu da safe ya mai da su da yamma. Wannan ta ƙona masa tuwo, waccan hancinta ya yi faɗi, wata kuma ya ce sadakinta ma bai kai kaza ba. Maza kuwa ɓarayin mata ne, in ya gan su sai ya ɗaga sanda. Har jariri in aka kawo masa, sai ya duba ya ce wannan muni daga ina. Kowa a gidan ya san haka kaka ke cewa wannan jinina ne.

Ni in na zo wucewa, sai ya janye sandar, ya tattara ƙafafunsa ya ba ni hanya. In na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya ce, "Allah ya yi albarka." Haka yake cewa da mai tallan nono. Haka yake cewa da yaran maƙwabta in an aiko su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Innata ba Bahaushiya ba ce. 'Yar wani ƙauye ce a kan duwatsun da ke arewa da gari, mutanenta manoma ne masu zuwa coci. Babana ya gan ta ne lokacin da yake zagaya kasuwannin dutse yana sayen gyaɗa a kamiyo, babbar motarsa ta kaya. Ta musulunta kafin aure, ta iya Hausa har ta fi wasu masu ita, ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba. Kuma in faɗi gaskiya, ba wanda ya taɓa cin mutuncinta a gidan nan. In an yi layya, rabonmu ne ke fara isowa, kuma ya fi na kowa tsoka. In ta shiga tsakar gida, matan sai su gyara zama, su yi mata sannu, su tambayi gajiya. Hirar da suke yi kuwa sai ta tashi take dawowa. An karɓe ta kamar baƙuwar da za ta kwana biyu ta wuce, aka yi ta yi mata hidimar baƙunta har ta haifi 'ya'ya a gidan.

Abin da ke ba ni dariya da haushi a haɗe shi ne, a lakwal 'ya'yan Fulani duk kuɗin goro suke yi mana, ni da 'yan'uwana, su kira mu kaɗo, wato wanda ba Bafillace ba. 'Yan'uwan nawa su dawo gida suna kumbure-kumbure. Amma da sun tsallake zauren nan, ni ce kuma 'yar dutse. Ba su faɗa a gabana. Na dai sha jin ta a bayan katanga.

Akwai wani wasa da 'yan matan gidan ke yi wa Kaka. In ya cire hula zai yi alwala, sai wata ta laɓaɓo ta sure ta. Shi kuma ya tada kururuwa, "Ɓarauniya! Jama'a ku tare mini ita!" A yi ta ja-in-ja, tana cewa sai ya fansa, yana cewa ko sisi. A ƙarshe ya ciro goro a aljihu, ya ɓare, ya jefa mata ɓari ɗaya yana tsine wa ranar da ya aure ta, ta jefo masa hularsa. Ɓarin goron nan ba mai cinsa ma, sai a ba wata tsohuwa. Na sha kallon wannan wasa daga bakin ƙofar sashenmu, ina jin kamar in fashe.

A shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa ta Lagdo, babana ya samu jigilar siminti zuwa can, ba ya cika kwana gida. Ni kuma ina ajin ƙarshe na firamare, na fara tsawo, bakina ya fara buɗewa. Wata Juma'a na dawo daga aike, na tarar da Kaka ya tsuguna bakin zaure yana alwala, hularsa ta Juma'a, mai ruwan toka da aikin hannu, tana ajiye a kan buzu. Ban shirya ba. Hannuna ne kawai ya riga ni. Na sure ta, na ja da baya na tsaya inda zai gan ni, na ɗaga ta sama. Ina murmushi, ina jiran kururuwa.

Ya ɗago ya dube ni, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi hular. Sai ya ƙarasa wanke ƙafarsa a natse, ya leƙa cikin gida ya ce a miƙo masa wata hula. Aka kawo, ya sa, ya ɗauki sandarsa, ya raɓa ta gefena ya tafi masallaci. Na tsaya da hannu a sama kamar mai shanya. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kafin a sauko daga masallaci Goggo ta iso sashenmu. Ba ta ɗaga murya ba, ai ba a ɗaga mana murya. Ta ce da Inna, "Yarinya ce, ba ta sani ba. Ki sa ta mayar, ta ba da haƙuri, magana ta wuce."

Na ɗauka Inna za ta ce to, don ban taɓa jin ta musa wa kowa a gidan ba. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, me ba ta sani ba?"

"Ai kin gane."

"Ban gane ba. Jiya 'yar wajenki ta ɗauki hularsa, ban ji an ce ta ba da haƙuri ba. In jika ce, ya fansa. In ba jika ba ce, ya faɗa da bakinsa, ni da kaina zan kai masa hular."

Goggo ta juya. Da ta fita Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Je ki ɓoye ta inda ɓera ba zai taɓa ba."

Kwanaki suka wuce ba wanda ya tada zancen. Sai wata safiya Goggo ta sake shigowa, wannan karon fuska a sake, ɗauke da turmin atamfa sabuwa fil, irin wadda jiragen ruwa ke kawowa da damina, wadda ko matan gidan sai da salla suke ganin irinta. Ta ajiye a gabana ta ce Alhaji ya ce ga fansar hularsa, ya kuma gode. Ta yi tsammanin zan yi tsalle. Ta yiwu shi ma haka ya yi tsammani, ya ga ya yi mini abin da bai taɓa yi wa wata jika ba. Gaskiya ne kuwa, bai taɓa ba. Sauran ɓarin goro suke samu da zagi. Ni an aiko mini da turmi da godiya ta hannun ɗan aike, yadda ake sallamar baƙon da ya tsinci kayanka a hanya. Raina ya ɓaci.

Na jira sai bayan la'asar, lokacin da abokansa ke taruwa a zaure suna sauraron rediyo. Na ɗora hular a kan ɗankwalina, na rungumi atamfar, na fita. Tsofaffi ne cike da zauren, har da wani Bafillace amininsa mai sayar da shanu. Ban durƙusa ba. Na dire turmin a gaban buzunsa, ƙura ta tashi.

Na ce, "Mijin nan, ni za ka yi wa wayo? Ka ga na fi sauran matanka kyau shi ne za ka rufe mini baki da tsumma? Ɗauki kayanka. Ɓarin goro nake so, kuma da hannunka."

Bafillacen nan ne ya fara fashewa da dariya har yana dukan cinya. Ya ce, "Kai, Alhaji! Wannan ai kai ne sak. Dubi goshin, dubi yadda take tsayuwa. Wallahi ko a kasuwar Maga na tsince ta, gidanka zan kawo ta."

Ni Kaka nake kallo, kuma na ga abin da na gani, ba wanda zai ce mini ban gani ba. Gefen bakinsa ya motsa. Idonsa ya yi wannan ƙyallin da yake yi in zai saki wata. Hannunsa har ya kai bakin aljihun da goro yake. Zagin na nan a kan harshensa, ya riga ya haɗa shi, na tabbata mai daɗi ne. Sai ya haɗiye. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Ya cire hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya yi albarka. Shiga gida."

Ban ce amin ba. Na bar masa atamfarsa a nan, na juya da hular a kaina.

A ranar na daina tambayar kaina me na rasa. A da ina zaton ko ban iya wasan ba ne, ko bai lura da ni ba, ko akwai wani abu a jikina da bai yi kama da nasu ba. Ashe ya gan ni sarai, ya san tasa ce, dariyar ma ta zo masa. Hana kansa ya yi. Ya gwammace ya danne ta a gaban abokansa da a ce ya yi wasa da jikar mutanen dutse. Na yi kuka a bayan ɗakinmu, kukan haushi, ba na neman tausayi ba.

Da babana ya dawo daga Lagdo aka kai masa ƙara tun bai cire takalmi ba. Ya kira ni, ya daɗe yana murza ido, ya ce, "Ki mayar masa, don ni." Ina son babana, kuma na san tsakanin mahaifinsa da matarsa aka matse shi shekara da shekaru. Amma na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban sata ba." Bai sake tada maganar ba, ni ma ban sake ba.

Daga nan kullum da safe in zan wuce zaure sai in ce, "Mijina, an tashi lafiya? Har yanzu rowar goron ba ta sake ka ba?" Shi kuma ya ƙara muryar rediyo. 'Yan'uwana suka ja baya da ni, matan gidan suka rage yi wa Inna sannu, wanda ita ta ce ya fi mata. Ni kaɗai nake wasana, ba mai amsawa, kuma ban fasa ba ko rana ɗaya har na yi aure na bar gidan.

Kaka ya rasu ina da ciki na fari. Na je, na yi kuka kamar kowa, don kakana ne ko ya so ko ya ƙi. Bayan sadakar bakwai aka tattara kayansa za a raba, riguna da rawuna da buzu da sanda. Goggo, wadda ba ta mantuwa, ta ce akwai hula ɗaya a wajena, a kawo a haɗa.

Na ce, "Goggo, hular da jika ta ɗauka, wa ke karɓarta?"

Ta ce, "Mai ita, in ya fansa."

"Ya fansa?"

Baffannina suka sunkuyar da kai.

Na ce, "To ba ta cikin gado. Al'adarku ce, ba daga dutse na zo da ita ba."

Na gyara mayafina na zauna a tsakiyar jikoki, inda ba wanda ya ce in zauna, kuma ba wanda ya iya cewa in tashi.