Takardun da Ke Bangon Gidanmu

Mahaifinmu ya rasu a tsakiyar damina, ana saura 'yan watanni a jefa ƙuri'ar da za ta nuna ko Mubi ta zauna da Nijeriya ko ta bi Kamaru. Ni ne babba, na ɗan haura ashirin. Da Iya ta fita takaba sai ta ce ita Borno za ta koma wurin danginta, a sayar da gidan.

Mai saye ɗaya muka samu, wani malamin makaranta ɗan Kwaja. Cikin gidan ya yi masa, amma da muka fito sai ya tsaya yana kallon bango. Ruwa ya cinye gindinsa, dakali ya zaizaye, daga ƙofar zaure har kusurwa kuma takardun siyasa ne, na masu son Nijeriya da na masu son Kamaru, wata kan wata. Gidanmu na kan hanyar kasuwa, kowa ya samu takarda nan yake mannawa.

"Wana ne zai yanke magana," in ji shi. "Ran Asabar zan kawo shi. In ya ga wajen nan a haka, ko zaure ba zai shiga ba."

Na ɗauko wani tsohon magini ɗan Duvu. Muka kwaso yashi daga mayo, wato rafi, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa ta kwana biyu. Ran Alhamis da safe ya gyara gindin bango, ya ɗaga dakali. Da ya iso kan takardun sai ya ajiye kayan aikinsa.

"Yaɓe ba ya kama takarda. Sai an cire. Ni kuwa ba zan taɓa ba."

"Baba, ai bangonmu ne."

"Bango naka. Takarda na mutane. Kai za ka tafi Borno, ni ina nan."

Na hau tsani da wuƙa. Ta farko da na kankare ta masu son Kamaru ce, don ita ce a sama. Ban kai ta uku ba na ji an riƙe tsanin. Wani mahauci ne da na sani a kasuwa, da mutum huɗu a bayansa.

"Wa ya sa ka?"

Na ce gida za mu sayar, yaɓe za a yi.

"Sai tamu ce ke hana yaɓe? Mun san ku. Kun zo kun ci kasuwa, yanzu kuma za ku zaɓa mana ƙasa."

Don in nuna masa ba haka ba ne, na kai wuƙa kan ta Nijeriya. Nan na yi kuskure. Teloli biyu da ke rumfar tsallaken hanya suka taso, ɗaya har da almakashi a hannu, yana cewa in na yaga ta sai ya kai ni gaban alƙali. Kafin in sauko hanya ta cika. Ana magana da Fillanci, da Hausa, da Gude, ba mai jin wani. Tsanin yana rawa a ƙarƙashina, na rasa wa ke girgiza shi. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki ɓaraguzan tsohon dakali. Daga cikin zaure na ji muryar Iya tana cewa in sauko, in bar musu bangon.

Na jefar da wuƙar cikin gida ta kan katanga, don kada a ce na zare wa wani. Na sauko a hankali.

Maginin ne ya sulale ya kira jauro, wato mai unguwarmu. Ya zo da sandarsa, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni, na faɗa masa. Ya tambayi mahaucin ko shi zai sayi gidan. Ya ce a'a. Ya tambayi telan mai almakashi, shi ma ya ce a'a.

"To, marayu za su sayar da gidan ubansu. A kawo ruwa. Kowa ya cire tasa da hannunsa. Kai kuma," ya nuna ni, "kada ka ƙara taɓa ko ɗaya."

Na kawo bokiti biyu da tsumma. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna jiƙa bango, ba mai kallon wani. Inda takarda ta hau kan ta abokin hamayya, sai mai ta sama ya fara ɗagawa, ɗayan yana tsaye yana sa ido kada a yage masa. Sau biyu rigima ta so tashi, jauro ya buga sanda a ƙasa. Sai wajen azahar bangon ya fito tsirara.

Muka yi yaɓen da la'asar, washegari muka shafa farar ƙasa, na share ƙofar gida na yayyafa ruwa. Yinin Juma'a a kan dakali na yi shi, ina tsoron wani ya zo da sabuwar takarda. Wasu samari sun wuce da kwanon kunun manni, suka dube ni, suka dubi bangon, suka yi gaba.

Ran Asabar malamin ya zo da wansa, dogon manomi marar yawan magana. Ya shafa bangon, farin ya ɗan kama tafinsa don bai gama bushewa ba. Ya leƙa rijiya, ya duba azarar ɗakuna. Sannan ya ce labarin abin da ya faru ya kai Kwaja tun shekaranjiya, kuma ba zai sa ƙaninsa a gidan da ake taruwa a ƙofarsa ba sai an jefa ƙuri'a an ga yadda gari ya kwanta.

Iya ta kwance kayan da ta ɗaure. Muka zauna jira, kullum ina fita da sassafe in duba bango. Bayan an faɗi sakamako da kamar mako biyu malamin da wansa suka dawo da shaidu, aka yi ciniki a zaure. Jauro ya sa albarka, muka ba malamin makulli, muka hau babbar mota zuwa Borno.