Abin da Yaya Orville Ya Raɗa Mini

Yayana Orville Tackett bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Shekara talatin yana gyaran tarakta a ƙauyenmu na jihar Kentucky, a tsaye yake cin abinci, ko a coci ƙafarsa rawa take yi. Ga ji da kai wai ya san doka, alhali a talabijin ya yi duk karatun nasa.

Da rumbun tabar maƙwabcinsa Burl Combs ya ƙone, shi aka kama, don kowa ya san rigimarsu ta iyakar gona. Aka zaɓo mutum goma sha biyu daga cikin gari su yanke ko ya aikata, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya hukunci ke tabbata. Kwana uku suna ɗaki, suka kasa daidaitawa. Alƙali ya sallame su, ya ce shari'ar ta watse. Lauyan Orville na cewa ya tsaya su yi magana, gogan naka tuni ya tada mota.

Ranar Asabar ya tara mutane gashin nama a bayan gidana, yana juya haƙarƙari yana ta zarya.

"Yaya, zauna mana, kana sa ni jiri," na ce.

"Lorene, ba ki san ƙasarki ba. Ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya." Ya sunkuyo kunnena yana dariya. "Galan biyu na fetur kawai rumbun ya sha."

"Rufa mana asiri ka yi shiru."

Haushinsa ya cika ni. Wannan kariyar ta wanda aka wanke ce ko aka hukunta. Shi kuwa kasa yankewa aka yi.

Bayan wata biyu aka sa ranar sabuwar shari'a, shekara goma a kurkuku na jiransa. Wata da ta zo cin gasasshen naman nan ta gan shi yana mini raɗa, ta kai wa mai gabatar da ƙara. Sammaci ya same ni ina shanya. Tun daga nan nake ɗaukar waya ina ajiyewa, ina share inda na riga na share.

A kotu na ɗaga hannu na rantse.

"Me yayanki ya gaya miki ranar Asabar ɗin?" in ji mai gabatar da ƙara.

Na dubi Orville. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, bai taɓa bari na yi ƙarya ba. Ya gyaɗa mini kai a hankali. Na faɗi abin da ya raɗa mini.